Jijiyar da Ta Koma Ƙashi: Tarihin Wankin Ƙoda da Ciwon Zuciya, Daga Siyatil Zuwa Gumel

A masarautar Gumel, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, dattawa sun daɗe da sanin wani ciwo da ke somawa da kumburin ƙafa, ya hau fuska, ya rage fitsari, ya sa mutum haki ko yana zaune, har ya yi ajalinsa cikin 'yan watanni. Kumburi ake ce masa, ana kuma nema masa magani wurin masu sassaƙe da saiwoyi, domin a wancan zamani babu mai iya shaida wa iyalin majinyaci cewa ƙoda ce ta gaza. Yau sunan ciwon ya shiga bakin kowa, Babban Asibitin Gumel kuma yana da sashen wankin ƙoda, inda na'ura ke tace jinin waɗanda ƙodarsu ta daina aiki. Wannan na'ura tana da dogon tarihi, a cikinsa kuwa akwai babin da ba a cika karanta wa mutanenmu ba, wato yadda jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini suke ƙandarewa, su yi tauri irin na ƙashi, a jikin wanda ya daɗe ana wanke masa jini. Likitocin duniya sun kwashe shekara arba'in kafin su gane girman wannan al'amari, kuma da rayukan majinyata aka biya kuɗin karatun.

Labarin ya faro ne a birnin Landan. A shekarar 1827, wani likita a asibitin Guy mai suna Richard Bright ya bayyana cewa masu kumburin jiki waɗanda fitsarinsu ke daskarewa idan an ɗora shi a wuta, akan tarar da ƙodarsu a lalace bayan sun rasu. A 1836 ya ƙara da wata lura wadda sai bayan ƙarni guda aka san nauyinta: da yawa daga cikin waɗannan mamata zuciyarsu ta yi kauri ta ƙara girma, alhali babu wani aibi a ƙofofinta da zai jawo haka. A 1855, shekara goma bayan an taso da hedikwatar masarauta daga Tumbi zuwa Gumel, masanin cututtuka na Jamus Rudolf Virchow ya rubuta cewa ya ga sinadarin ƙashi ya baro mazauninsa ya taru a huhu da ciki, a gawawwakin da akasarinsu masu ciwon ƙoda ne. Sai kuma a 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano, wani Bajamushe, Johann Mönckeberg, ya siffanta jijiyoyin jini da sinadarin kalsiyam ya mamaye tsakiyar bangonsu har suka sandare. Duk abin da ake buƙata domin a zargi alaƙa tsakanin ƙoda da ƙashi da zuciya ya shiga littattafai tun lokacin, amma ya zauna a can babu mai waiwayarsa.

Dalilin wannan shiru a fili yake. Ƙodar mutum biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da kimanin lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari, ɗauke da dattin da jiki ba ya so. Idan suka tsaya cak, ruwa da guba sukan taru su kashe mutum cikin kwanaki ko makonni. Ƙandarewar jijiya kuwa aiki ne na shekaru, don haka mai ciwon ƙoda na wancan zamani ba ya daɗewa a duniya har wannan matsala ta same shi. Sai da aka samu hanyar tsawaita ransa sannan ciwon da ke ɓoye a bayan ciwo ya samu damar bayyana.

Hanyar ta fito ne daga tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943, a garin Kampen na ƙasar Holan, wadda a lokacin take ƙarƙashin mamayar sojojin Jamus, wani matashin likita mai suna Willem Kolff ya harhaɗa na'ura daga abin da hannunsa ya iya kaiwa gare shi: wata ganga mai juyawa cikin kwarmin ruwan gishiri, an nannaɗe ta da doguwar leda siririya wadda jini ke bi ta cikinta, dattin jinin yana ratsa ledar ya koma cikin ruwa. Majinyatansa na farko, fiye da goma, kusan duk sun rasu. Bai daina ba, har watan Satumba na 1945, lokacin da wata dattijuwa 'yar shekara 67 ta farfaɗo daga dogon suma bayan an wanke mata jini, ƙodarta kuma ta dawo aiki. Da wannan aka tabbatar cewa na'ura tana iya tsayawa a madadin ƙoda na ɗan lokaci. Amma kowane wanki sai an yanka jijiya an sa bututu, jijiyoyin da za a iya yankawa kuma ƙididdigaggu ne, saboda haka wanda ƙodarsa ta mutu har abada bai samu rabo a wannan nasara ba.

Rabonsa ya zo ranar 9 ga Maris, 1960, a birnin Siyatil na Amurka. Likita Belding Scribner da injiniya Wayne Quinton sun ƙera wani ɗan lanƙwasasshen bututu na robar Teflon, wadda jini ba ya saurin daskarewa a jikinta, suka dasa shi a hannun wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing mai suna Clyde Shields. Idan lokacin wanki ya yi a buɗe bututun a haɗa da na'ura, idan an gama a mayar a rufe. Mutumin da ake sa ran rasuwarsa cikin makonni ya koma gida wurin iyalinsa. A 1966 likitoci a birnin New York, James Cimino da Michael Brescia da abokan aikinsu, suka kawo dabarar da ake bi har yau, ta ɗinke jijiya mai kai jini da mai dawo da shi a ƙarƙashin fatar hannu, domin ta kumbura ta jure allura shekara da shekaru. A 1972 majalisar dokokin Amurka ta ɗora wa gwamnati biyan kuɗin wankin ƙoda, daga nan adadin masu rayuwa da na'ura ya ƙaru ƙwarai. Shi kuwa Clyde Shields ya rayu shekara goma sha ɗaya, ya rasu a 1971, kuma ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa.

Tun a shekarun farko likitocin Siyatil suka fara ganin alamu. Wasu majinyata sun riƙa fitar da ƙulluttai masu tauri a kafaɗa da sauran gaɓoɓi, ƙasusuwansu kuma suna ciwo suna karyewa cikin sauƙi. Bincike ya kai su ga sinadarin fosfet, wanda manomanmu suka sani a cikin takin zamani, yake kuma cikin kusan duk abincin da ke gina jiki. Lafiyayyar ƙoda takan fitar da rarar fosfet ta fitsari, ita ce kuma ke kammala sarrafa bitamin D domin hanji ya iya tsotsar kalsiyam. Idan ta gaza, fosfet ya hau a jini, kalsiyam ya sauka, sai wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu da ke wuya, waɗanda likitoci ke kira faratairod, su shiga fitar da sinadarin da ke narkar da ƙashi domin a cike giɓin. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki da kimanin kashi 85 na fosfet ɗinsa a ƙashi suke ajiye, don haka idan aka buɗe wannan taska sai ƙashi ya rame, abin da ya fito daga cikinsa kuma ya shiga yawo a jini yana neman wurin sauka. Likitoci suka lura cewa maganin gyambon ciki mai sinadarin alminiyam yana kama fosfet tun a hanji ya hana shi shiga jini, ƙulluttan kuma suka riƙa narkewa. A lokacin an ɗauka an shawo kan matsalar.

A 1974 Scribner da abokan aikinsa, Armando Lindner a kan gaba, suka wallafa a mujallar likitanci ta New England sakamakon majinyata 39 da suka daɗe a kan na'ura a Siyatil tun daga 1960. Ashirin da uku sun rasu, goma sha huɗu daga cikinsu kuma lalacewar jijiyoyin jini ce sanadi, wasu ta bugun zuciya, wasu ta shanyewar ɓarin jiki. Mutanen da suka kafa wankin ƙoda da hannunsu su ne suka fara sanar da duniya cewa jijiyoyin majinyatansu suna tsufa da gaggawar da ba a saba gani ba. Sai dai kusan kowa ya fassara abin da irin ciwon zuciyar da aka sani, na kitse da ke toshe jijiya, aka mai da hankali kan maiƙo da taba da hawan jini, ba a tsaya an haɗa shi da ƙulluttan kafaɗa da ramewar ƙashi ba.

Bayan shekara biyu wata musiba ta sauya akalar magani. A 1976 likita Allen Alfrey na birnin Denver ya nuna cewa wani ciwon ƙwaƙwalwa da ke kama masu wankin ƙoda, wanda ke farawa da sarƙewar harshe ya kai ga fizge-fizge da gushewar hankali da mutuwa, yana tafiya tare da taruwar alminiyam a ƙwaƙwalwa. Sinadarin yana shiga ta ruwan wankin da ba a tace da kyau ba, yana kuma shiga ta maganin da ake ba su domin kama fosfet. Aka gyara tace ruwa, aka janye daga alminiyam, a shekarun 1980 kuma aka koma ga ƙwayoyin kalsiyam, irin sinadarin da ke cikin alli. Maganin yana da arha, yana kama fosfet, yana kuma ɗaga kalsiyam ɗin jini, don haka aka riƙa ba majinyata giram da yawa a kowace rana, a haɗa musu da bitamin D mai ƙarfi. Ba a tsaya an yi tambayar da ta kamata ba, wato ina wannan kalsiyam yake zuwa a jikin da ba ya fitar da fitsari, kuma ƙashinsa ba ya iya karɓarsa.

A daidai wannan zamani ne na'urar ta iso Najeriya. A 1981 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya buɗe sashen wankin ƙoda na farko a ƙasar, lokacin Gumel tana cikin tsohuwar Jihar Kano, shekara goma kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Ga manomin riɗi a Gagarawa ko mai fataucin dabbobi a kasuwar Alhamis ta Maigatari, na'urar da ke Legas da wadda ke Siyatil nisansu ɗaya ne, domin babu wadda zai iya kaiwa gare ta. An kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, shi ne kuma daga baya ya zama madogarar masu ciwon ƙoda na wannan yanki, amma ko shi tafiyar sama da kilomita ɗari ce daga Gumel, ga kuɗin mota da na masauki da na jini da na wanki, duk a wuyan iyali.

A can ƙasashen da majinyata ke daɗewa kuwa, wata sabuwar na'urar ɗaukar hoto ta ba likitoci idon da ba su da shi a da. A 1990 likitan zuciya Arthur Agatston na Miami da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin ƙididdige yawan kalsiyam a jijiyoyin zuciya ta hoton sikanin mai sauri, mutum yana raye, ba tare da an yanka shi ba. Sifili na nufin babu komai, abin da ya haura 400 kuma ana ɗaukarsa mai tsanani. A 1996 wasu likitoci a Jamus suka auna masu wankin ƙoda 49, suka tarar makinsu ya ninka na sa'o'insu da ba sa wanki sau biyu da rabi zuwa sau biyar, kuma yana ƙaruwa cikin shekara guda. A 1998 Geoffrey Block da abokan aikinsa suka duba bayanan majinyata sama da dubu shida a Amurka, suka ga waɗanda fosfet ɗin jininsu ya wuce ma'auni 6.5 haɗarin mutuwarsu ya ɗara na sauran da kashi 27 cikin 100. A shekarar ce kuma wani nazari ya nuna cewa mutuwa ta hanyar ciwon zuciya da jijiyoyi a tsakanin masu wankin ƙoda ta ninka ta sauran jama'a sau goma zuwa ashirin. Duk da haka akwai masu cewa ai yawancin majinyatan dattawa ne, masu ciwon suga da hawan jini, don haka ba abin mamaki ba ne jijiyoyinsu su lalace.

Wannan uzuri ya faɗi a watan Mayu na shekarar 2000. William Goodman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun ɗauki hoton zuciyar yara da matasa 39 masu wankin ƙoda. A cikin 23 da ba su kai shekara ashirin ba, babu ko ɗaya mai kalsiyam a jijiyar zuciya. A cikin 16 da ke tsakanin shekara ashirin da talatin, 14 suna da shi, a shekarun da lafiyayyen mutum kusan ba a taɓa ganin haka a jikinsa. Waɗanda abin ya kama sun fi daɗewa a kan na'ura, fosfet ɗinsu ya fi yawa, kalsiyam ɗin da suke sha a matsayin magani kuma ya kusa ninka na sauran. Da aka sake auna wasu daga cikinsu bayan kimanin wata ashirin, makin ya kusa ruɓanyawa. Shekara arba'in cif bayan an dasa bututu a hannun Clyde Shields, duniyar likitanci ta yarda cewa gazawar ƙoda da tsawon zama a kan na'ura, har da wani ɓangare na maganin da ake bayarwa, suna mayar da jijiyar saurayi ta tsoho.

Har zuwa lokacin, yawancin masana sun ɗauka kalsiyam yana sauka a jijiya ne kamar yadda ruwan rijiya mai gishiri ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi, abu ne da ke kwanciya da kansa idan ya yi yawa. A shekarar 2000 ɗin dai, Shuichi Jono da Cecilia Giachelli, su ma a Siyatil, suka nuna cewa lamarin ya wuce haka. Da suka raini ƙwayoyin halittar tsokar bangon jijiya a cikin ruwa mai yawan fosfet, sai ƙwayoyin suka bar ɗabi'arsu suka ɗauki ta masu gina ƙashi, suka shiga ajiye sinadarinsa a kewayensu. Wasu bincike kuma suka gano cewa jiki yana da masu gadi da ke hana wannan aukuwa, cikinsu har da wani furotin da hanta ke yi mai suna fetuwin, wanda a 2003 aka nuna ƙarancinsa a jinin masu wankin ƙoda yana tafiya da yawan mutuwa. A Faransa, Gérard London ya bambance iri biyu: wanda ke taruwa a fatar ciki ta jijiya tare da kitse ya ƙuntata hanyar jini, da wanda ke mamaye tsakiyar bango, irin wanda Mönckeberg ya gani, ya hana jijiya buɗewa da tsukewa. Na biyun yana tilasta wa zuciya ta riƙa tura jini cikin hanyar da ba ta miƙewa, sai ta yi kauri, bugunta ya rikice. Irin wannan kauri ne Bright ya gani a 1836, shi ne kuma ɗaya daga dalilan da suka sa mutuwar fuju'a ta yawaita a tsakanin masu wanki.

Gane sanadi bai kawo waraka nan take ba. An fito da maganin kama fosfet marar kalsiyam mai suna sebelama a 1998, a 2002 kuma gwaji kan majinyata 200 ya nuna masu shan sa ƙandarewarsu ba ta gudu kamar ta masu shan kalsiyam, ko da yake ba a samu tabbaci ƙarara cewa yana ƙara tsawon rai ba. Magungunan rage kitsen jini, waɗanda suka ceci ɗimbin masu ciwon zuciya, an gwada su a kan masu wankin ƙoda 1,255 a Jamus a gwajin da aka wallafa a 2005, da wasu sama da 2,700 a ƙasashe da dama a 2009, ba su kuma yi tasirin da aka sa rai ba. Maganin da ke kwantar da faratairod shi ma an gwada shi kan mutum 3,883, sakamakon da ya fito a 2012 bai kai matsayin da zai yanke gardama ba. Dashen ƙoda yana rage saurin ƙandarewar, amma abin da ya riga ya zauna a jijiya da wuya ya tashi. Saboda haka ƙa'idojin duniya na kula da masu ciwon ƙoda, waɗanda aka fitar a 2009 aka sabunta a 2017, suka tsaya a kan hanawa: a riƙa auna fosfet da kalsiyam da sinadarin faratairod a kai a kai, a sauko da fosfet idan ya hau, a guji cika majinyaci da kalsiyam.

Yayin da ake wannan muhawara a Turai da Amurka, Najeriya tana fama da matakin farko. An yi dashen ƙoda na farko a ƙasar a asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000, Asibitin Malam Aminu Kano kuma ya bi sahu a 2002. A kwarin kogin Haɗejiya, daga Haɗejiya har Gashuwa ta Jihar Yobe, jama'a da likitoci sun daɗe suna kokawa da yawan ciwon ƙoda, ana kuma ci gaba da binciken musabbabinsa. Abubuwan da aka tabbatar suna lalata ƙoda kuwa duk suna nan a ƙasar Gumel: hawan jinin da ba a auna ba sai ya yi ɓarna, ciwon suga, yawan shan ƙwayoyin kashe ciwon jiki bayan aikin gona, haɗe-haɗen magungunan da ba a san abin da ke cikinsu ba, da aiki cikin zafin bazara ba tare da isasshen ruwan sha ba. A 2017 wani nazari da likitar ƙoda 'yar Kamaru Gloria Ashuntantang ta jagoranta ya tattara rahotannin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya nuna kashi 84 cikin 100 na manyan da suka fara wanki sabo sun daina, akasari saboda rashin kuɗi. Mai ciwon ƙoda a nan yana cikin halin da takwaransa na Turai yake kafin 1960, domin talauci yakan riga ƙandarewar jijiya kai shi kabari, bayan an sayar da gona da shanu.

Wannan hali ne ya fara sauyawa. Jihar Jigawa ta samu sassan wankin ƙoda a manyan asibitocin Gumel da Haɗejiya, gwamnatin Malam Umar Namadi, wadda ta hau mulki a 2023, ta kuma sanar da yin wankin kyauta ga majinyatan jihar. A 2025 gwamnatin tarayya ita ma ta sanar da sauko da kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Alheri ne babba, kuma duk wanda ya taɓa ganin gidan da jinyar ƙoda ta tsiyata ya san darajarsa. Amma tarihin da muka bi yana nuna abin da ke biyo baya. Majinyacin da a da yake rasuwa cikin wata uku, yanzu zai iya shekara uku ko biyar ko goma, kuma waɗannan su ne shekarun da fosfet yake buƙata domin ya yi aikinsa a bangon jijiya.

Lissafin ba shi da wuyar fahimta. Zama ɗaya na awa huɗu a kan na'ura yana cire fosfet kimanin miligiram 800 zuwa 1,000, alhali abin da hanji ke tsotsa daga abincin mako guda yakan kai dubu huɗu ko fiye. Wanda ke samun zama uku a mako, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, yana da ragowa, balle wanda nisa daga ƙauyukan Sule Tankarkar ko bakin iyakar Maigatari ya sa yake zuwa sau ɗaya. Ragowar nan sai an tare ta a akushi. Fosfet ɗin da kamfanoni ke zubawa a baƙin lemon kwalba da abincin gwangwani kusan dukkansa yake shiga jini, na nama da nono da kifi wajen rabi ko fiye, na gero da dawa da wake da gyaɗa kuwa ƙasa da rabi. Ke nan tuwon gida ya fi wa majinyaci sauƙi a kan kayan kanti, fura da nono da tsire da kilishi kuma sai da awo da shawarar likita, ba tare da an hana shi abincin da zai riƙe jikinsa ba, domin rama ma tana kisa. Gishiri da kanwa da dunƙulen miya suna ɗaga hawan jini suna jawo ƙishirwa, su ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji nauyi. Maganin kama fosfet kuma a tsakiyar cin abinci ake shan sa, domin a hanji yake aikinsa, wanda ya sha shi nesa da abinci ya rage masa amfani ƙwarai.

Abin da ya rage yana wuyan hukuma da masu kula da asibitoci, kuma bai fi ƙarfinsu ba. Ba dole sai da na'urar sikanin mai tsada ake gano ƙandarewar jijiya ba, domin ƙa'idojin duniya sun yarda da hoton ciki na gefe da ake ɗauka da na'urar hoton ƙashi ta yau da kullum, da kuma hoton zuciya na sauti. Gwajin fosfet da kalsiyam ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti zai iya yin sa, muddin an tanadi kayan aiki an kuma sa shi cikin abin da ake yi kyauta tare da wankin. Ana buƙatar a tsare tsabtar ruwan na'ura, a ajiye rajistar kowane majinyaci domin a san shekarun da ya yi da abin da ya yi ajalinsa, a samar da masu ba da shawarar abinci da ke magana da harshen majinyaci suna kuma sanin abin da ake dafawa a gidansa. Gaba da duk wannan akwai awon hawan jini da gwajin fitsari a ƙananan asibitocin ƙauye, inda ake iya tare ciwon shekaru kafin a kai ga na'ura. Likitocin Siyatil suna da uzuri, domin hanyar da suka bi babu wanda ya riga su bin ta. Masu riƙe da lafiyar jama'a a Jigawa sun gaji na'urar tare da duk ilimin da aka tara a kanta tun daga 1960, kuma haƙƙin majinyacin Gumel ne a ba shi su biyun a lokaci guda.